Tsakuwar Cikin Kalangun Baba

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na samu aikin! Wallahi na samu! Saƙon Malama Sakina ta kamfanin da na nemi aiki ya shigo ina tsaye a bakin rijiya, saura kaɗan in saki guga da wayar gaba ɗaya. Ni Barakatu 'yar Ɗantani mai kalangu, ta Sabon Garin Wudil, yau ni ce zan riƙa ba manhajojin ƙasashen waje maki kamar malamar firamare.

Bari in rubuta yadda aikin yake, don Inna ta tambaye ni sau uku na kasa yi mata bayani. Akwai manhajojin kwamfuta da ake haɗa kiɗa da su a situdiyo, a yanka sauti, a gyara, a haɗa. Kowacce tana da takardar bayaninta, mai cewa ga yadda ake kaza, ga yadda ake kaza. To yanzu ba mutum kaɗai ke karanta takardun nan ba, har da ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake aika ta ta yi aiki da kanta. Kamfanin da ya ɗauke ni yana son sanin wace takarda ce na'ura za ta karanta ta gane ba tare da an riƙe mata hannu ba. Nawa shi ne in ba na'urar takarda, in ba ta aiki, in naɗe hannu in yi kallo. In ta yi daidai, takarda ta ci maki. In ta yi shirme, in binciko inda takardar ta ɓatar da ita. Doka ɗaya Malama Sakina ta nanata mini: ba a barin na'urar ta tambaye ni komai, domin takardar ake gwadawa, ba ni ba.

Na raɗa wa na'urar suna Wakili. Yana da ladabi har ya yi yawa, ko ɓarna ya yi sai ya fara da godiya.

Inna ta ce, "To Allah ya sa albarka, amma fara kai kunun nan asibiti kafin ya huce." Maganar abin da ya sami Baba ranar Juma'a ba zan rubuta ta a nan ba. Wannan littafin aiki ne.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Manhajoji uku aka ba ni, sunayensu duk masu karya harshe, don haka na sa musu nawa. Ta farko Kurma. Takardarta hotuna ne zalla, da jar kibiya, an rubuta "danna nan" a ƙasa. Nan ina? Wakili ya yi ta lalube kusan minti ashirin, ni kuma ina dariya har da riƙe ciki. Daga ƙarshe ya rubuto, "Na gode da wannan aiki. Ban sami umarnin da ake nufi ba." Na ba Kurma biyu bisa goma, kuma biyun ma don hotunan suna da kyau ne.

Aikin nan daɗi! Ashe haka malamanmu suke ji in sun riƙe jan biro.

Yaya Ikrima ne yake kwana a asibitin. Ya ce Baba ya sha rabin kofi, da cokali.

Alhamis, 9 ga Oktoba, magariba

An dawo da Baba gida. Mutum biyu ne suka shigo da shi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Yau kasuwa. Tun asuba manyan motocin shanu suke wucewa, na rufe taga don in ji abin da nake yi.

Ta biyu na sa mata Hajiya Mai Surutu. Kai! Takardarta shafi ɗari huɗu da wani abu. Kafin ta gaya maka yadda ake yanka sauti sai ta yi gargaɗi sau uku: ka ajiye kwafi, ka tabbata ka ajiye kwafi, shin ka ajiye kwafi? Wakili kuwa mai biyayya, duk abin da zai taɓa sai ya kwafe shi tukuna, har ya cika mini kwamfuta da tarkace. Aikin minti biyu ya kai shi minti goma. Ya yi komai daidai, ban ce bai yi ba, amma na gaji da jira. Na ba ta biyar, na rubuta a gefe, "Magana ta yi yawa."

Kalangun yana nan a jikin ƙusa, saitin gadon Baba. Inna ta so ta ɗauke shi ta kai ɗakin ajiya, Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, sai ta mayar.

Juma'a, bayan la'asar

Baba Wali ya zo. Shi ne babban abokin Baba a cikin mahauta, shekara talatin Baba yana kaɗa masa takensa a kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baraka, sannu 'yar nan. Ina wuni, ya gida, ya Innarki? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba Wali. Ya kasuwa?"

"Kasuwa ta ci, amma shiru ta yi. Yo yanka ba kalangu ai kamar miya ba gishiri."

Ya miƙo ƙunshin nama a takarda, kason Baba, kamar kullum. Na ce ai Baba bai fita ba. Ya harare ni ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

Da, in Baba ya dawo kasuwa ranar Juma'a, ba ya sallama da baki. Daga zaure yake matsa kalangu ya kaɗa, kalangun ya ce, "Barakatu, zo ki karɓa," tar kamar mutum. Ni kuma sai in yi kamar ban ji ba, don in ji Inna daga madafi ta ce, "Ke Barakatu, ba ki ji Babanki na kira ba?" Har na gama jami'a haka muke yi.

Na ce ba zan rubuta irin wannan a nan ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na gamu da gwani! Ta uku Ɗan Gayu na sa mata. Takardarsa gajera, tsaf, kowane umarni layi ɗaya, misali a ƙasansa. Na ba Wakili sautin jita da fiyano da kamfani ya aiko don gwaji. Na ce yanka, ya yanka. Na ce haɗa, ya haɗa. Na ce ƙara ƙarfi, kafin in kurɓi shayi ya gama. Ayyuka goma sha biyu, ko tuntuɓe ɗaya bai yi ba. Na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki, Yaya Ikrima ya leƙo ya ce ko aljanu ne.

Akwai wani umarni da ya fi burge ni, na tsabtacewa. Takardar ta ce, "Yana cire hayaniya, ya daidaita sauti." Kalma shida kacal! Na sa wa Wakili wani sauti mai ƙugin fanka, ya dawo da shi fes. Tara bisa goma. Na kira Malama Sakina na ce na samo zakara, ta yi dariya ta ce in kwantar da hankali, sai ranar Litinin ta sama za a karɓi rahoto.

Talata, 14 ga Oktoba, azahar

Mai gashin ƙashin da asibiti suka turo ta zo, Malama Sharifa. Ta ɗaga hannun Baba na hagu, ta sake shi, ya faɗi kan katifa. Ta yi haka sau da yawa. Na fita tsakar gida na wanke kwanukan da Inna ta riga ta wanke.

Da za ta tafi ta ce, "Ku riƙa yi masa hira ko da bai amsa ba. In akwai abin da kunnensa ya saba ji, ku riƙa kunna masa. Yana taimakawa sosai."

Abin da kunnensa ya saba ji! Nan take na tuna da memorin Baba Wali. Tun ina shekara shida, a wani bikin mahauta, ya ɗauki kiɗan Baba a kaset. Daga baya aka juye masa a memori, kaset ɗin kuma ruwan sama ya cinye shi shekarar da rufinsu ya yi yoyo. Baba bai taɓa shiga situdiyo ba, bai kuma yarda a ɗora masa waya a gaba ba. Duk duniya kiɗansa a wannan ɗan memorin kaɗai yake.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Baba Wali ya kawo shi a naɗe cikin leda, cikin wata ledar, cikin aljihun 'yar ciki. Ya ce, "Baraka, amana."

Na sa a rediyo na kai kusa da kunnen Baba. Minti arba'in ne. Kaset ɗin ya tsufa kafin a juye shi, sai shuuu kamar ana ruwa a kan kwano, ga kukan shanu, ga hayaniyar mutane. Amma kalangun yana ciki, yana kiran mahauta ɗaya bayan ɗaya, da ɗan kacau-kacau na tsakuwar da Baba yake zubawa a cikinsa don zaƙi. Can kusan ƙarshe sai na ji, "Barakatu, zo ki karɓa," da dariyar Baba a baya. Ashe ina wurin, cikin taro.

Yatsan Baba na dama ya motsa a kan bargo! Yana bin kiɗan! Na gani, Inna ta gani. Sai dai yana ta yamutsa fuska yana karkato kunne, shuuu ɗin nan ya hana shi ji sosai.

Ni kuwa ina da maganin shuuu a ɗakina. Allah mai iko, ashe don wannan aka ba ni aikin!

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na sa memorin a kwamfuta, na buɗe Ɗan Gayu, na ce wa Wakili, "Tsabtace wannan." Ban canja komai ba, yadda nake gwaji haka na bar shi, ba tambaya. Zan ma sa shi a rahoto, gwaji na goma sha uku, da kiɗan gida. Malama Sakina za ta sha mamaki. In an gama zan kai wa Baba bayan ya karya.

Alhamis, ƙarfe tara saura

Innalillahi.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Jiya ban ci komai ba. Bari in rubuta, wannan kam maganar aiki ce.

Wakili ya ce, "Na gode. An kammala, an cire hayaniya, an daidaita sauti." Na kunna. Babu shuuu. Babu shanu, babu mutane, babu dariyar Baba. Babu tsakuwa, ita ma ya ɗauke ta hayaniya ce. Kalangu kuma da matsa tsarkiya yake magana, murya ta hau, ta sauka, ta lanƙwasa. Manhajar ta ɗauka kuskuren makaɗi ne, ta miƙar da kowane sauti ta ajiye shi daidai da ɗan'uwansa. Abin da ya rage, tun, tun, tun.

Na ce ba komai, bari in koma kan na asali. Na duba memorin. Fayil ɗaya ne a ciki, sunansa bai canja ba, kwanan watansa na jiya.

Na koma takardar Ɗan Gayu na karanta ta daga farko har ƙarshe sau huɗu. Babu inda ta ce umarnin a kan na asali yake rubutawa. Babu inda ta ce a ajiye kwafi. Kalma shida ɗin nan da na yi wa rawa, su ke nan. Wakili bai yi laifi ba, abin da aka rubuta ya bi, kuma ni na hana shi tambaya.

Baba Wali ya zo da nama. Ban iya ɓoyewa ba, na kunna masa a zaure. Ya saurara ya ce, "Wannan kuma agogon wa ye?"

Na ce, "Takenka ne, Baba Wali."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya sa takalminsa.

Asabar, 18 ga Oktoba, safe

Yaya Ikrima ya tafi Kano da memorin, kasuwar 'yan waya. Ya ce akwai yaran da ko waya ta faɗa masai suna dawo da hotunanta. Za a dace, in sha Allahu za a dace! Har na ji yunwa, na ci ɗumame.

Baba ya nuna rediyo da yatsa. Na ce batir ya ƙare.

Lahadi, 19 ga Oktoba, la'asar

Ya sake nunawa. Na ce Yaya zai taho da batir.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu

Yaya ya dawo. Shago biyar ya shiga. Ya ce, "Baraka, da gogewa aka yi, da an yi rikoba an dawo da shi. Wannan a kansa aka rubuta, ba yadda za a yi." Ya ajiye mini memorin a kan tebur, ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina firamare.

Na kira Malama Sakina na ce zan canja maki. Ɗan Gayu uku, Hajiya Mai Surutu tara.

Ta ce, "Barakatu, ba ke kika kira ni kina ihu kin samo zakara ba? Ayyuka sha biyu ya ci. A fom ɗinmu babu inda za ki cire masa maki shida."

Na ce, "To fom ɗin ne da gyara, Malama. Duk tambayoyinsa a kan ko na'ura za ta iya yin aikin ne. Babu wadda ta tambayi ko takardar ta faɗi abin da zai ɓace in an yi. Mutum in ya ga abu ɗaya tak a hannunsa zai tsaya ya yi tunani. Na'ura kuwa in ba a rubuta mata ba, ba ta san akwai abin da ba shi da na biyu ba."

Ta ce, "Me ya ɓace miki?"

Na gaya mata. Sannan ta ce in rubuta shi duka, da maganar tsakuwar, za ta kai gaba a ƙara layin a fom. Na yi tsammanin zan ji daɗi. Na rubuta shafi uku masu kyau, mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba zai kunnu a rediyo ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, hantsi

Na gaji da ƙaryar batir. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Baba, na ɓata kiɗanka. Ni da hannuna. Na so in gyara ne." Na kunna masa ya ji da kunnensa.

Ya saurari tun, tun, tun ɗin nan kusan minti ɗaya. Yatsansa bai motsa ba. Sai ya juya fuska bango.

Ban san ko fushi ne ko gajiya ba, kuma ba shi da yadda zai gaya mini. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Alhamis, 23 ga Oktoba, azahar

Bai karɓi kunu daga hannuna ba. Daga hannun Inna ya karɓa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan magariba

Hannuna na ciwo, hammatata ta yi ja, amma sai na rubuta wannan yau!

Da la'asar Baba Wali ya zo da ƙunshin nama, ya shiga har ɗaki ya ɗora wa Baba a cinya. An jingina Baba da filo. Ina bakin ƙofa, na kasa shiga. Sai Baba ya ɗaga hannun dama ya nuna ƙusa. Yaya Ikrima ya sauko da kalangun, ya rataya masa a kafaɗar hagu, ya sa masa makaɗi a hannun dama. Kalangun ya zame ya faɗi kan katifa. Aka mayar, ya sake zamewa. Hannun da zai matse shi yana kwance kamar ba nasa ba.

Yaya ya ce, "Baba, a bari sai ka ƙara jin sauƙi," ya kai hannu zai ɗauke. Baba ya buga makaɗin a bakin gado, ƙwas! Sannan ya juyo ya nuna ni da shi.

Na ce, "Ni?"

Baba Wali ya ce, "Mace da kalangu? Ikon Allah." Ya dubi Baba, ya dube ni. "To me kike jira, 'yar nan? Zauna ki riƙe masa."

Na zauna a bakin gado, na sa kalangun a hammata, na juya masa fatar. Ban taɓa riƙe shi ba a rayuwata, ashe nauyi ne da shi, ga warin fata da hayaƙi irin na rigunan Baba. Ya sa aka sauko masa da ƙafafu ƙasa, ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan tawa. Ya taka, ya dube ni. Na matsa tsarkiya. Ya ɗaga, na saki. Shi ke nan bayanin, ba shafi ko ɗaya.

Ya buga. Abin da ya fito kamar akuya ta maƙale a danga. Baba Wali ya fashe da dariya, Yaya ma, sai na ga rabin bakin Baba ya ɗaga, kafaɗarsa tana girgiza. Dariya yake! Muka sake. Ya taka, na matsa, na yi latti. Ya ƙwanƙwashe ni a gwiwa da makaɗi. Muka sake, muka sake, sau nawa ban sani ba, gumi yana shiga mini ido. Tsakuwar tana kacau-kacau a jikin haƙarƙarina. Na daina kallon hannunsa, na bar ƙafata ta riƙa ji.

Can sai ya tsaya, ya ja numfashi. Ya taka, ya ɗaga, ya taka a hankali, makaɗin yana sauka. Ni ina can ina fama da tsarkiya, ban ma san abin da muke faɗa ba.

Daga madafi muka ji Inna, da muryarta ta kullum, ko tunani ba ta yi ba: "Ke Barakatu, ba ki ji Babanki na kira ba?"

Sai ƙarar ludayi ya faɗi ƙasa. Baba Wali ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Wayata tana ɗakina a caji, ban ɗauki komai ba, ko daƙiƙa ɗaya. Baba ya ajiye makaɗin, ya tura ƙunshin naman da ke cinyarsa zuwa wajena da bayan hannu.

Na ce, "Na'am, Baba." Na sa hannu biyu na karɓa.